Akwatin Ƙarfe da Amanar Mutane: Shawara Ga Mai Niyyar Sayen Sef

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, bari in fara da wani abu da ya faru a danginmu, domin shi ne musabbabin wannan rubutu. Shekaru kaɗan da suka wuce Allah Ya yi wa wani ƙanen mahaifina rasuwa. Ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, kuma mutum ne da jama'a suka shaide shi da riƙon amana, ta yadda zawarawa da maƙwabta da 'yan ƙauyenmu ke kawo masa ajiya. A kusurwar shagonsa akwai wani tsohon sef mai nauyin gaske, wanda shi kaɗai ya san lambar buɗe shi. Rasuwar ta zo ba tare da jinya ba; ya yi sallar Asuba cikin jam'i, kafin Azahar an yi masa sutura.

Bayan an share makoki, aka nemi wanda ya san lambar aka rasa. Daga ƙarshe sai mai walda aka kira, ya wuni yana yankan ƙarfe, har tartsatsi ya ci gefen wata takarda. Da aka buɗe, sai ga ƙulle-ƙullen kuɗi a cikin leda, ga sarƙoƙi da 'yan kunnen gwal, ga takardun fili guda biyu masu ɗauke da sunayen wasu mutane daban. Abin da babu shi ne rubutu ko da layi ɗaya da zai nuna wanne ne nasa, wanne ne na mutane. Wata tsohuwa ta zo ta ce gwal ɗinta ne, wani ya ce ƙulli biyu nasa ne, a gefe guda kuma ga marayu ƙanana waɗanda babu mai ikon yafe haƙƙinsu. Sai da aka haura shekara kafin a raba gadon, kuma har yau akwai gidaje biyu a danginmu da gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki ba.

Wannan akwati ya yi shekaru yana tsare dukiya daga ɓarayi, amma ranar da aka fi bukatarsa sai ya zama sanadin rigima. Tun daga lokacin na ɗauki ra'ayin da nake son in kare a yau: duk wanda zai sayi sef, na gida ko na shago, akwai tambayoyi uku da ya wajaba ya amsa kafin ya taya. Yaya akwatin zai yi idan gobara ta tashi? Yaya zai yi idan ɓarawo ya shigo? Yaya kuma za a yi da shi ranar da mai shi ya bar duniya? Yawancinmu tambaya ta biyu kaɗai muke yi, ita ma rabi da rabi.

Ajiya da Tawakkali

Na san akwai mai cewa: in dai Allah Ya ƙaddara asara, babu ƙarfen da zai hana. Wannan gaskiya ne, sai dai ba hujja ba ce ta sakaci. Labarin mutumin nan da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa sananne ne, kuma Imam Tirmizi ya kawo shi. An umurce shi ya haɗa ɗauri da dogaro ga Allah. Malaman Usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa kiyaye dukiya a cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kare, tare da addini da rai da hankali da zuriya. A babin haddin sata ma, malaman fiƙihu sun shardanta cewa sai an ɗauke abin daga wurin da a al'ada ake killace irinsa, abin da suke kira hirzi. Ke nan Shari'a da kanta tana bambance dukiyar da aka adana da wadda aka yasar.

Maganar ta fi nauyi ga wanda ke riƙe da kayan wasu. Ƙa'idar malamai a babin ajiya ita ce, wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta, matuƙar bai yi ta'adi ko sakaci ba. To mai shagon da ya karɓi kuɗin marainiya ya jefa a aljihun tebur na katako, alhali yana da halin sayen abin da ya fi wannan, yana ganin ya kuɓuta daga sakaci? Wannan tambaya ta shafi matasa da yawa a yau: mai sana'ar POS da ke kwana da kuɗin ubangidansa, mai gyaran waya da ke tara wayoyin mutane a shago, ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ko ta masallacin unguwa, da uwar adashi. Kakanninmu sun yi amfani da abin da zamaninsu ya ba su, wato asusu da adaka da tukunyar da ake binnewa a ƙuryar ɗaki. Mu ma ya kamata mu san abin da namu zamanin ya kawo, mu kuma san iyakarsa.

Tambaya ta Farko: Gobara

Mun saba ɗaukar ɓarawo a matsayin babban abokin gaba, amma duk wanda ya bibiyi tarihin kasuwanninmu ya san wuta ta fi shi ɓarna. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a watan Janairu, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris. A watan Fabrairun 2023 kuma aka wayi gari da gobarar babbar kasuwar Maiduguri. Ta Sabon Gari da ta Maiduguri cikin dare suka tashi, lokacin da masu shaguna ke gida suna barci. Mai karatu zai lura cewa kwanakin nan duk na rani ne, daga hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da komai ya bushe, iska ke kaɗawa, ga jarkokin fetur na janareto a kowane lungu.

Ɓarawo yakan ɗauki kuɗi ya bar takarda. Wuta kuwa ba ta zaɓe. Littafin bashi, takardar mallakar fili ko gida, shaidar kammala karatu, takardar yarjejeniyar haɗin gwiwa, fasfo, duk sukan tafi cikin 'yan mintoci. Wanda ya taɓa neman madadin ɗaya daga cikin waɗannan ya san wahalar rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da zirga-zirgar ofisoshi. Littafin bashi kuwa ba shi da madadi ko kaɗan.

Kuskuren da mutane ke yi shi ne zaton cewa tunda akwati na ƙarfe ne, wuta ba za ta yi masa komai ba. Ƙarfe yana ɗaukar zafi ya kai shi ciki, kamar yadda tukunya ke dafa abin da ke cikinta ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Takarda tana fara gashewa da zarar zafi ya kusanci digiri 200 a ma'aunin Selsiyos, alhali gobarar ɗaki takan haura digiri 600. Sai a buɗe akwati lafiya lau daga waje, a tarar da gawayi a ciki.

Sef ɗin da aka ƙera domin gobara yana da bango biyu, a tsakaninsu an cusa wani abu mai hana zafi wucewa, galibi dangin ma'adinin nan da ake yin silin ɗin POP da shi. Wannan ma'adini yana riƙe da ruwa a jikinsa, idan ya ji wuta sai ya riƙa sakin tururi, tururin ya hana cikin akwatin yin zafi na wani lokaci. Kalmar "lokaci" ita ce abin lura, domin babu sef ɗin da wuta ba ta ci har abada; akwai mai jure rabin sa'a, akwai mai sa'a ɗaya, akwai mai biyu.

Ta yaya mai saye zai tabbatar? Ta hanyar shaidar gwaji daga wata hukuma mai zaman kanta. A Amurka akwai cibiyar gwaje-gwaje ta UL, wadda ma'auninta na gobara ake kira UL 72. Idan ka ga an rubuta 350 tare da sa'a ɗaya, ma'anarsa an saka akwatin a tanderu mai zafin digiri 927 na tsawon sa'a guda, cikinsa bai wuce digiri 177 ba, wanda takarda ke iya jurewa. A Turai akwai EN 15659, mai alamar LFS 30 P ko LFS 60 P, da kuma EN 1047-1 wanda ya fi tsauri, mai alamar S 60 P ko S 120 P. Lambobin mintoci ne. Wannan shaida takan zo a jikin wani ɗan faranti da aka manne a bayan ƙofar daga ciki. Rubutun da ke jikin kwali, ko rantsuwar mai shago cewa wuta ba ta cinsa, ba su isa hujja ba. Ga mai shago a cikin kasuwa, inda motar kashe gobara ke shan wahalar kutsawa saboda cunkoson rumfuna, ra'ayina shi ne kada ya sayi abin da ya gaza sa'a ɗaya.

Akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko, zafin da takarda ke jurewa yana lalata kayan lantarki. Memori da filas da ma'adanar kwamfuta suna bukatar akwatin da cikinsa ba ya wuce digiri 52, wanda a ma'aunin UL ake wa alama da 125, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ga matashi ita ce ya ɗauki hoton kowace muhimmiyar takarda da kowane shafi na littafin bashi, ya adana a ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, ya kuma ajiye kwafi a wani gida daban. Na biyu shi ne ruwa. Ruwan 'yan kwana-kwana yana jiƙa abin da wuta ta bari, kuma ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nuna mana cewa ruwa na iya mamaye gida da kasuwa cikin dare ɗaya. Saboda haka a sanya takardu a cikin leda mai zif kafin a saka su. Haka nan shi kansa sef ɗin gobara yana tara laima a ciki, har takarda ta yi fumfuna. Maganin wannan shi ne a riƙa buɗe shi yana shan iska lokaci-lokaci, a kuma jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Tambaya ta Biyu: Ɓarawo

A nan ma akwai ruɗani, domin sef ɗin da ke jure wuta ba lallai ne ya jure guduma ba. Da yawa daga cikin na gobara bangonsu siririn ƙarfe ne da aka cika da abin hana zafi, sandar ƙarfe mai kyau tana iya ɓalle ƙofarsu. Na hana sata kuma, mai kaurin ƙarfe, yana iya gasa takarda idan ba a yi masa rigar wuta ba. Wanda ke son duka biyun sai ya nemi mai shaida biyu, ya kuma shirya biyan kuɗinsa.

Ma'aunin jure ɓarawo shi ma lokaci ne. A tsarin UL, matakin da ake kira RSC yana nufin akwatin ya jure wa ƙwararren ma'aikaci ɗaya riƙe da kayan aikin hannu na tsawon minti 5 kacal. Sama da shi akwai TL-15 da TL-30, wato minti 15 da minti 30 na aiki tsantsa da manyan kayan aiki, kuma irinsu masu sayar da gwal ke amfani da su. A tsarin Turai, EN 14450 yana da matakai biyu, S1 da S2, domin ƙananan ajiyar gida, sai EN 1143-1 mai farawa daga mataki na 0 ya yi sama, domin dukiya mai yawa. Kada mai karatu ya raina waɗannan mintoci. Masu gwajin ƙwararru ne da suka ga zanen akwatin tun kafin su fara, kuma ba a lissafa lokacin da suke hutawa ko sauya kayan aiki. Ɓarawon da ke aiki cikin duhu, yana tsoron maigadi da haushin kare, zai ɗauki ninkin wannan sau da yawa, kuma abin da ake so ke nan: a ɓata masa lokaci, a tilasta masa yin ƙara.

Abin da nake ja wa 'yan'uwa kunne a kansa shi ne ƙananan akwatunan nan masu arha da ke da madannan lamba, irin waɗanda ake gani a ɗakunan otal. Da yawansu wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin ke riƙe da sakatarsu, har akan iya buɗe su da duka a sama ko da maganaɗisu mai ƙarfi, kuma makullin ko-ta-kwana da ke ɓoye a fuskarsu ba ya da wuyar sarrafawa. Suna da amfani wajen hana yara da baƙi taɓa abu, amma iyakarsu ke nan. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Idan ka je saye, ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka dubi kaurin farantin ƙarfen ƙofar da kansa. Kaurin ƙofa gaba ɗaya yana yaudara, domin rabinsa fanko ne da ke ɗauke da sakatu.

Sai kuma babban lamari, wanda ya fi kowanne sauƙi kuma aka fi yin watsi da shi, wato kafewa. Sef ɗin da mutum biyu za su iya ɗauka, ka taimaka wa ɓarawo ne kawai ka tattara masa dukiyarka wuri guda. Zai saka shi a Keke Napep ya je ya fasa a natse. Ma'aunin EN 1143-1 ya shardanta cewa duk wanda nauyinsa bai kai kilo 1,000 ba a yi masa hanyar kafewa, na TL-15 kuma sharaɗinsa ya kai kimanin kilo 340 ko a kafe shi. Ke nan duk wani sef na gida ko na ƙaramin shago sai an ɗaure shi da manyan kusoshi masu noti a cikin daɓen kankare. Bulo mai rami da katakon durowa ba sa riƙe komai. A zaɓi kusurwa, ta yadda bango zai hana mai sandar ƙarfe samun wurin dannawa, a nisanta shi daga kicin da wurin ajiye fetur, a kuma ɗaga shi kan dakalin kankare idan unguwar tana ambaliya.

Game da makulli, kowane iri da aibinsa. Mai mabuɗi ba ya bukatar batir, amma mabuɗi yana ɓata, ana kuma iya kwafarsa. Mai juyawa yana daɗewa ƙwarai, sai dai yana bukatar haƙuri da ido, kuma sauya lambarsa sai da gwani. Mai madannai yana da sauri, ana iya sauya lambarsa ranar da yaron shago ya bar aiki, amma a tabbatar ana iya sauya batirinsa daga waje. Mai karanta zanen yatsa kuwa, kaushin hunturu da ƙura sukan sa ya ƙi mai shi. Ko wanne aka saya, a sauya lambar da ya zo da ita daga kamfani tun ranar farko, a kuma guji shekarar haihuwa da ƙarshen lambar waya. Wanda ya sayi na gwanjo ya tambayi mabuɗai nawa aka yi masa, in ya samu hali ya sauya makullin gaba ɗaya.

Na ƙarshe a wannan babi shi ne baki. Da ɗan gari akan ci gari. A kawo akwatin ba tare da gayya ba, a rage yawan masu kafa shi, kada a ɗora hotonsa a Facebook ko a buɗe shi a gaban kowane mai shigowa.

Hujjar Masu Suka

Wani abokina ya taɓa ce mini sef kiran ɓarayi ne, domin duk gidan da aka san akwai shi, an san akwai abin ɗauka, kuma ɗan fashin da ya ɗora maka bindiga ba ya bukatar guduma. A halin da Arewa ke ciki na fashi da garkuwa da mutane, wannan magana ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. Babu akwatin da ke maganin bindiga. Idan abin ya kai ga haka, buɗe musu. Rai yana gaba da dukiya a jerin abubuwan da Shari'a ta zo ta kare.

Inda na saɓa da shi shi ne a sakamakon da ya fitar. Abin da hujjarsa ke nunawa shi ne kada a mai da sef banki. Mun ga abin da ya faru lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023: waɗanda suka tara tsabar kuɗi a gida su suka fi kowa shiga firgici da bin layi, kafin Kotun Ƙoli ta sa baki. A 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ma'ana miliyan ɗayan da aka kulle a farkon shekarar, abin da za ta saya a ƙarshenta bai wuce kusan kashi uku cikin huɗu na da ba. Babu ɓarawon da ya taɓa ƙofar, amma an yi asara. Wanda ke gudun riba yana da mafita, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, kuma a 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiyar kowane mutum a bankunan kasuwanci daga Naira 500,000 zuwa 5,000,000. A tuna kuma cewa kuɗin da ke kulle, idan ya kai nisabi ya shekara, zakkarsa ta kashi 2.5 cikin ɗari tana nan a wuyan mai shi.

Saboda haka abin da ya dace ya zauna a sef shi ne takardun da ba su da madadi, gwal ɗin iyali, amanar mutane, da cinikin yini ɗaya ko biyu kafin a kai banki. Wanda ya tsaya a nan, ko an tilasta masa buɗewa, asararsa mai iyaka ce.

Tambaya ta Uku: Ranar da Mai Shi Ba Ya Nan

Yanzu sai mu koma ga baffana, Allah Ya jiƙansa. Babu mai sayar da sef da zai yi maka wannan tambaya, alhali gobara da sata suna iya zuwa suna iya ƙin zuwa, mutuwa kuwa babu makawa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar kwaɗaitarwa mai ƙarfi cewa mai abin yin wasiyya kada ya bari kwanaki su shuɗe ba tare da ta kasance a rubuce ba. Lokacin Hijira a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka, a cikin haɗari, domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar mutanen garin da ya ƙi shi ne.

Akwai kuma labarin Zubairu ɗan Awwam (RA) a cikin Sahihul Bukhari, wanda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani. Mutane sukan kawo masa ajiya, shi kuma sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya mai da ita bashi a kansa, saboda tsoron kada ta salwanta masu ita su yi asara. Ranar Yaƙin Raƙumi, a shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da biyan bashin. Da aka lissafa sai aka samu 2,200,000 na kuɗin wancan zamani. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa. Dubi yadda uba ya bayyana, ɗa kuma ya tsananta bincike. Amanar mutane ba ta cikin gado tun asali, bashi kuma ana biyansa kafin wasiyya da rabo. To yaya magada za su yi wannan idan ba a bar musu bayani ba?

Shawarata a aikace ita ce kamar haka. Kowace ajiya ta shiga ambulan ɗinta, a rubuta sunan mai ita da adadi da kwanan wata, mai ita ya sa hannu, a ba shi kwafi. A manna takarda ɗaya a cikin ƙofar sef ɗin mai bayyana abin da ke naka, da abin da ke na wasu, da wanda kake bi, da mai binka, a riƙa sabunta ta, ko da sau ɗaya ne a shekara lokacin fitar da zakka. Gwal ɗin matar gida a rubuta cewa nata ne, domin sau da yawa akan tattara shi cikin gadon miji, a zalunce ta ba da gangan ba. Sannan a samu amintaccen mutum ɗaya ko biyu da za su iya buɗewa bayan ranka. Wanda ke tsoron ba mutum ɗaya sirrinsa yana iya sayen sef mai makulli biyu, mabuɗi a hannun wani, lamba a hannun wani, ko ya rubuta lambar ya rufe a ambulan ya danƙa wa wanda zai zartar da wasiyyarsa. Kada a ajiye mabuɗin ko-ta-kwana a cikin akwatin da kansa, ko a durowar da ke kusa da shi.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, idan mahaifinka ko yayanka yana da irin wannan akwati a shago ko a ɗaki, ka nemi lokacin da ya dace, cikin ladabi, ka tambaye shi ko akwai wanda ya san yadda ake buɗewa, da kuma ko an rubuta na wane ne abin da ke ciki. Maganar tana da nauyi a baki, domin dattawanmu ba sa son a yi musu zancen da ke kama da jiran gado, amma kana iya farawa da ba shi labarin Zubairu. Idan kuma kai ne mai shirin saye, ka je kasuwa da tambayoyin nan uku, ka nemi farantin shaida a bayan ƙofa, ka ware kuɗin kafewa tun kafin ka biya, ka kuma sayi ambulan da biro a hanyarka ta komawa gida.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararSa. Allah Ya tsare mu daga gobara da sharrin masu sharri, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu kafin ranar da za a tambaye mu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.